Yadda Ake Shirya Baje Kolin Zane-zane na Haɗin Gwiwa a Zauren Kiɗa

Masu zane da dama, musamman matasan da suka gama karatu a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a kwalejojin ilimi, suna yawan yi mini tambaya iri ɗaya: in mun haɗu mu goma ko sha biyu muna son nuna aikinmu a wurin da ake kiɗa da waƙa, ta ina za mu fara, me za mu kashe, kuma yaya za a yi zanen kowa ya koma gida lafiya? Dalilin son irin wannan wuri a fili yake. Ɗakunan baje kolin zane ba su da yawa a garuruwanmu, kuma masu shiga cikinsu ƙalilan ne, alhali zauren kiɗa yana da jama'arsa tun kafin ku zo. Sai dai wanda ya gina shi kunne ya yi wa tanadi. Bangonsa duhu ne, fitilunsa masu launi ne, lasifikarsa tana girgiza gini, mutane kuma suna jingina da duk abin da suka samu. Kowane mataki a ƙasa an tsara shi ne da wannan a zuciya, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a tsallake.

1. Ku fitar da mutum uku kafin komai

Kada ku fara da neman zaure. Ku zauna ku zaɓi mai kula da zaɓen ayyuka da jera su, da ma'aji, da mai hulɗa da masu wurin. Mai zaɓen ayyuka shi ke da magana ta ƙarshe a kan abin da zai hau bango da inda zai hau, kuma kowa ya amince da haka da bakinsa tun a zaman farko. Ku ba kanku aƙalla mako takwas daga wannan zama zuwa ranar buɗewa.

Hattara: kada ma'aji ya yi amfani da asusun da yake cefanen gidansa da shi. A ware asusu guda na wannan aiki, mutum biyu su riƙa ganin abin da ke shiga da fita.

2. Ku ga wurin sau biyu, ɗaya da rana, ɗaya ana tsakiyar kiɗa

Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma daga nan yawancin asara take fitowa. Zuwan rana na awo ne. Ku tafi da tef na awo da takarda, ku zana taswirar zauren, ku rubuta tsawon kowane bango da tsayinsa, inda ƙofofi da tagogi suke, inda soket yake, inda iskar na'urar sanyaya ɗaki take bugawa. Ku ƙwanƙwasa bangon da yatsa. Na bulo da siminti yana ɗaukar ƙusa, amma zauruka da yawa an lulluɓe bangonsu da labule, ko soso mai tare amo, ko siririn falle na ado wanda ba ya riƙe nauyi. Ku ɗaga kai ku duba silin: tabon ruwa a kusurwa yana nufin wurin yana yoyo da damina.

Zuwan dare shi ne zai faɗa muku gaskiyar wurin. Ku tsaya ana buga kiɗa da ƙarfinsa, ku ɗora tafin hannu a kowane bango. Wanda kuka ji yana rawa a hannunku, zai karkatar da firam kafin a tashi, wataƙila ma ya kayar da shi. Ku lura da inda jama'a suke cunkushewa, inda suke jingina, hanyar da masu raba lemo suke bi, da hanyar banɗaki. Ku sa wa waɗannan wurare alama a taswira. Sau da yawa za ku tarar mafi kyawun wuri ba cikin babban zauren yake ba, yana farfajiyar shiga ne ko a dogon barandar da ke kaiwa ciki, inda akwai haske kuma mutum zai iya jin maganar na kusa da shi.

Ku tambayi masu wurin ko suna kunna injin hayaƙi a dandamali. Hayaƙin nan ruwan sinadari ne ake tururawa, yana barin danshi mai maiƙo a kan gilashi da kanbas, ƙura kuma ta zo ta manne. Ko a kashe shi a kwanakinku, ko zanen ya yi nesa da dandamali.

3. Yarjejeniya da masu zaure, a rubuce

Maganar baki ba ta wadatar a nan, ko da mai wurin abokin babanku ne. Takarda ɗaya ta isa, amma ta ƙunshi: ranakun da aka ba ku, da sa'ar da za ku shiga kafa kaya da sa'ar da za ku kwashe, ko an yarda a huda bango, da wanda zai toshe ramukan ya shafa fenti, wanda zai sayi man janareta a lokacin kafawa, ba lokacin wasa kawai ba, wanda ke riƙe da makulli da dare, da wanda zai biya idan ma'aikacin wurin ko baƙonsu ya lalata aiki. Ku tambaya kai tsaye ko an ba wa wasu hayar zauren a tsakiyar kwanakinku. Zaurukan nan da bukukuwan aure suke rayuwa, daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma masu kwalliyar wurin biki ba za su jira ku ba kafin su sauke abin da ke bango su rataya labulensu.

Game da kuɗi, hanya uku ce aka saba bi: ku biya haya kai tsaye, ko ku raba kuɗin ƙofa, ko a ba ku wurin kyauta a ranar da ba kasuwa, kamar Talata ko Laraba, su kuma su ci ribar abinci da abin sha. Ga masu farawa, ta ukun ta fi sauƙi.

Hattara: ku tabbatar wurin yana da cikakken izinin yin taron nishaɗi. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tana sa ido a kan irin waɗannan taruka, don haka ku nemi masu wurin su nuna muku takardarsu, ku kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da wasiƙa. Ku duba kalanda kuma, kada ranar ta faɗa cikin azumi ko makon jarrabawa idan ɗalibai kuke sa rai.

4. Bango ne zai faɗi yawan ayyuka

Lissafin mai sauƙi ne. Ku haɗa tsawon bangon da ya tsira bayan kun cire wuraren da kuka sa wa alama. A ce mita 24 ne. Idan matsakaicin faɗin zane santimita 70 ne, aka bar tazarar santimita 50 tsakanin kowane biyu, kowane aiki ya ci mita 1.2, wato ayyuka 20 ke nan. Ku goma, kowa biyu. Wanda ya zo da biyar yana roƙo a saƙala masa, a ba shi haƙuri. Bango mai cunkoso yana kashe kowane zane da ke kansa, har da nasa.

5. Zaɓen ayyuka da abin da bai dace da wurin ba

Ku tsayar da jigo mai faɗi wanda kowa zai iya shiga, kamar kasuwa, ko dare a birni, ko kiɗan kansa. Kowa ya turo hoton aikinsa da suna, girma, kayan da aka yi shi da su, shekara da farashi, mako huɗu kafin buɗewa.

Akwai ayyukan da zan ce a bar su a gida. Na farko, duk abin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunayen Allah, ko allon zayyana ne ko rubutun larabci na ado. Komai kyansa, ba a rataya shi inda ake kiɗa da rawa, kuma abin da zai biyo baya idan aka yi hakan ya fi ƙarfin baje kolinku. Irin waɗannan ayyuka sun cancanci nasu wurin. Na biyu, zanen fentin mai da bai bushe ba. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki, wani har makonni, kafin ya daina kama yatsa, kuma a cikin cunkoso sai ya ƙare a babbar rigar wani. Na uku, zanen gawayi ko alli mai launi da ba a fesa masa maganin riƙe gari ba, ba a kuma sa shi a gilashi ba: girgizar lasifika tana kakkaɓe garin, da safe ku tarar da baƙin layi a ƙasan takardar. Zanen fuskar wani sananne kuwa, sarki ne ko malami ko ɗan siyasa, ku yi shawara a kansa tukuna. Sassaƙa da tukwane suna shiga, amma a kan teburi mai nauyi a kusurwar da ba a wucewa.

6. Kasafi

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ku je kasuwa da kanku ku tambayo kafin ku yanka wa kowa kuɗi. Abubuwan da za ku rubuta: haya, man janareta, katako da kafinta, fenti, fitilu da mai haɗa wuta, buga fosta da katunan bayani, motar ɗaukar kaya zuwa da dawowa, masu gadi, sallamar makaɗa, ruwa da ɗan abin taɓawa. A kan jimillar ku ƙara kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, domin sai ya zo. Misali, idan komai ya kama naira dubu 600 kuna ku goma sha biyu, kowa zai kawo dubu 50, rabi a mako na biyu, rabi kafin a karɓi aikinsa. Wanda bai cika ba, zanensa ba ya hawa bango. Haya da mai da katako su ne suke cinye mafi yawan kuɗin, saboda haka a nan ne ya kamata ku nemi mai tallafawa: mai shagon fenti ya ba da bokiti biyu, mai gidan buga takardu ya buga fosta, a sa sunansu a jiki. Neman kaya ya fi neman tsabar kuɗi saurin samun amsa.

7. Idan ba a yarda a huda bango ba

Sai ku yi naku bangon. Falle ɗaya na filawud ƙafa 8 ne da ƙafa 4, kusan santimita 244 da 122. Ku ɗauki mai kaurin rabin inci, kafinta ya yi masa ƙashin baya da katako, ya haɗa biyu-biyu da hinji yadda za su buɗe kamar littafi su tsaya da kansu. A bayan kowanne a ɗora buhun yashi a kan ƙafarsa. A Kano za ku sami katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ƙusa da hinji a Ƙofar Ruwa. A Kaduna, za ku sami duk waɗannan a kasuwar Fanteka. A shafa farin fentin ruwa mara ƙyalli sau biyu, kwana uku kafin ranar, a waje, domin wari ya fita.

Hattara: kada falle ko ɗaya ya tare ƙofar fita ko wurin tukunyar kashe gobara. Bayan an tsayar, mutum ɗaya ya jingina da shi da nauyinsa. Idan ya motsa, a ƙara yashi.

8. Karɓar ayyuka da ɗaukar su

Kwana biyu kafin kafawa, a tara komai wuri guda. Kowane aiki a ɗauki hotonsa gaba da baya a gaban mai shi, a rubuta duk wani tabo ko ƙwarzane da ya zo da shi, a manna lamba a bayansa, shi da mai karɓa su sa hannu. Wannan takarda ce take raba gardama ranar mayarwa. A mota, zane a tsaye yake tafiya, ba a kwance ba, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani. A-kori-kura ta isa, amma a rufe da tamfol, musamman da hunturu, mutum ɗaya kuma ya zauna a baya tare da kayan.

9. Ratayewa

Kayan aiki: tef na awo, fensir, guduma, injin huda bango da sukurori, ma'aunin daidaito irin na magina mai ɗigon ruwa a ciki, tsani, zare, salatif na takarda, soso da tsumma mai tsabta.

Kada ku buga ƙusa ko ɗaya sai an jera dukkan ayyukan a ƙasa, jingine da bango, an ja da baya an duba. Aikin da ya fi ƙarfi ya fuskanci ƙofar shiga. Manya masu launi mai kauri su tafi nesa, inda ido zai hango su ta saman kawunan mutane. Ƙanana masu cikakken aiki su zauna inda mutum zai iya matsowa ya tsaya ba a ture shi ba. Ba dole ba ne ayyukan mutum ɗaya su zauna tare, abin da ya dace da maƙwabcinsa ake bi. Kuma a nan ne ran wani zai ɓaci, shi ya sa aka naɗa mai magana ta ƙarshe tun farko.

A ɗakunan baje koli tsakiyar zane takan kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. A zauren kiɗa, inda mutane suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, na fi son a ɗaga zuwa 160. Ku ja zare a wannan tsayi daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane zane tsakiyarsa ta hau zaren. Wurin ƙusa kuwa haka ake samunsa: 160, a ƙara rabin tsayin zanen, a cire tazarar da ke tsakanin saman firam da maratayinsa. Zane mai tsayin santimita 80, wanda maratayinsa yake santimita 10 ƙasa da sama, ƙusarsa tana 190.

Hattara: ƙusa ɗaya da waya ba ta isa a wurin da ake kiɗa. A sa marataya biyu, hagu da dama, a kan sukurori biyu, sannan a manna ɗan soso a kusurwoyin ƙasa na bayan firam domin ya shanye girgiza. Ƙananan ayyuka da za su shige jaka, a ɗaure su da sukuru ta gefen firam. Duk wani abu mai gilashi ya yi nesa da babbar lasifikar da ke ƙasa da aƙalla mita biyu.

10. Haske

Fitilun dandamali ja ne da shuɗi da kore, kuma a ƙarƙashinsu launin da mai zane ya kwana yana haɗawa ya tashi a banza. Ku kawo naku. Ƙananan fitilun LED masu haska wuri guda, farare masu ɗan ɗumi, waɗanda aka rubuta 3000K zuwa 4000K a kwalinsu, su ne daidai, kuma ba sa zafin da zai cutar da takarda. Hasken ya sauko daga sama a karkace, kusan digiri 30 daga miƙe: idan fitilar tana mita ɗaya da rabi sama da tsakiyar zane, a nisanta ta da bango kimanin santimita 85. In ta matso da yawa, firam zai jefa inuwa a kan aikin. In ta yi nisa, gilashi zai mayar da hasken cikin idon mai kallo.

Mai haɗa wuta ya ja musu layinsu daban, kada su bi ta hannun mai sarrafa fitilun dandamali, in ba haka ba duk lokacin da ya duhunta zaure domin mawaƙi, baje kolinku ya ɓace. Fitila 20 masu wat 10 wat 200 ne kacal, ƙaramar inbata za ta riƙe su idan aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi. Duk wayar da ta bi ƙasa a danne ta da salatif.

Da an gama, ku roƙi mai sauti ya buga kiɗa da ƙarfin da za a yi da dare, na minti goma. Ku zagaya ku ga wanda ya karkace ko yake kaɗawa, ku gyara a lokacin.

11. Katunan bayani da farashi

Kowane aiki da ƙaramin kati a gefensa na dama, duk a tsayi ɗaya: sunan mai zane, sunan aiki, kayan aiki, shekara, farashi. Haruffan su fi na ɗakin baje koli girma saboda ƙarancin haske, kuma a rubuta da Hausa da Turanci, ko da Faransanci idan a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ake yi. Ku rubuta farashi a fili. Mutanenmu da yawa suna jin nauyin tambaya, sai su wuce. Wanda ya zo sauraron waƙa ba lallai ya zo da kuɗin babban kanbas ba, saboda haka a sami teburi na ƙananan zane da kwafin da aka buga, masu kuɗin da mutum zai iya biya nan take. La'adar da ƙungiya za ta cire ku yanke ta tun farko. Manyan ɗakunan baje koli sukan ɗauki har rabi, amma tsakaninku kashi 20 cikin ɗari ya isa.

12. Tsarin ranar buɗewa

Ku raba ranar biyu. A buɗe ƙofa bayan La'asar, da cikakken haske da kiɗa mai laushi, mai gurmi ko mai garaya shi kaɗai, ko sarewa. Wannan ne lokacin iyaye, malamai, 'yan jarida da masu saye na gaske, kuma kowane mai zane ya tsaya kusa da aikinsa, ba a waje yana hira da abokai ba. A tsaya cak domin Magariba, a tanadi ruwa da tabarma. Babban wasa ya fara bayan Isha'i. Kafin mawaƙin farko ya hau, mai gabatarwa ya kira masu zanen ɗaya bayan ɗaya a gan su, ya kuma roƙi jama'a kada su taɓa ko su jingina. A ja igiya a tsayin gwiwa, taku ɗaya daga bango, a ajiye mutum ɗaya a kowane ɓangare, suna karɓar juna. Teburin abin sha ya yi nesa da duk wani zane.

13. Ciniki

Mutum ɗaya ne yake karɓar kuɗi, da littafin rasiti. Aikin da aka saya a manna masa jan ɗigo a katinsa, ya ci gaba da zama a bango har ranar rufewa. Mai so ya ba da aƙalla rabi kafin alƙalami. "Ajiye mini, zan dawo" ba ciniki ba ne. A rubuta a rasitin cewa zanen aka sayar, haƙƙin buga shi a riga ko kalanda yana hannun mai zanen, domin a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 wannan haƙƙi ba ya komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce.

Hattara: kada ku yarda da hoton taransifa ko saƙon alat kawai. Ma'aji ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗin sun zauna. A cikin hayaniyar dare ne masu alat na bogi suke cin kasuwarsu.

14. Saukewa da sallama

Idan baje kolin zai kwana, a ƙirga ayyuka kowane dare kafin a kulle, a sake ƙirgawa da safe tare da mai gadi. Ranar saukewa kada kowa ya zo ya zare nasa ya tafi. A sauke ɗaya bayan ɗaya, a gwada da hoton da aka ɗauka ranar karɓa, mai shi ko wanda ya saya ya sa hannu. A toshe ramukan bango, a shafa fenti, a zagaya da manajan wurin ya tabbatar da idonsa kafin ku karɓi kuɗin ajiyar da kuka ba masu wurin, idan akwai. Fallayen filawud da fitilu a rubuta adadinsu, a ajiye su wurin mutum ɗaya da kowa ya sani, domin su ne za su rage muku kuɗin karo na gaba. Cikin mako guda ma'aji ya biya duk wanda aka sayi aikinsa, ya tura wa kowa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, tare da hotunan rasitai.